Yarinyar da na haifa a mafarki

Shekarun baya, a farkon zamana a New York, na yi makonni ban yarda cewa na farka daga barci ba. Yanzu ina iya ba da labarin har in yi wa kaina dariya, amma a lokacin babu abin dariya a ciki. Jiya wata ta tambaye ni a wannan shafin abin da ya fi ba ni tsoro a rayuwata, na rasa amsar da zan ba ta a layi biyu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

A unguwar Mount Hope muke zaune a lokacin, hawa na biyar, ɗaki ɗaya da falo. Maigidana yana tuƙa tasi, ni kuwa ban cika shekara da zuwa daga Kano ba, ga cikin fari. Haihuwar ta zo da gardama. Na daɗe ina naƙuda, can sai likita ta ce bugun zuciyar jaririn yana raguwa, dole a yi tiyata nan take. Allurar da aka yi mini a baya ba ta kama sosai ba, sai suka ce za su sa ni barci gaba ɗaya. Abu na ƙarshe da na tuna shi ne wata roba da aka kifa mini a hanci, da wani mutum yana ce mini in ja numfashi.

Sai na buɗe ido a ɗakin mahaifiyata a Kano.

Ku fahimce ni, ba irin mafarkin da muka saba ba ne, wanda za ka ga kana makarantar firamare amma kuma kasuwa ce. Komai a zaune yake daram. Ga fankar nan mai ƙara kamar za ta faɗo, ga ƙamshin turaren wuta ya kama labule. A gefena an kwantar da jaririya mace, gashi cike da kai, da wani ɗan tabo baƙi a bayan kunnenta na hagu. Aka yi mini wankan jego, na ji zafin ruwan da ganyen a gadon bayana har na yi ihu, Umma ta ce in yi shiru kada maƙwabta su yi mini dariya. Na sha kunun kanwa har ya gundure ni. Gari ya waye, rana ta faɗi, aka ɗauke wuta, aka kawo. Har barci na yi a can, na tashi na ce wa Umma na yi mafarki wai ina Amurka ana yi mini tiyata. Ta ce, "Allah ya kyauta, ke da Amurka sai a mafarki." Muka yi dariya.

Ranar suna ina zaune da yarinyar a cinyata, mata sun cika tsakar gida, sai na ji ana kirana daga zaure. Na miƙe zan je. Kawai sai na ji maƙogwarona yana zafi, wani farin haske yana dukan idona, ga maigidana a tsaye a kaina yana share hawaye yana murmushi.

Na ce, "Ina yarinyar?"

Ya ce, "Wace yarinya? Namiji ne. Ga shi nan, lafiyarsa ƙalau."

Aka miƙo mini shi an riga an goge shi an naɗe shi, har da 'yar hula. Ban ga fitowarsa ba, ban ji kukansa na farko ba. Na ɗaga hular na duba bayan kunnensa, babu komai. Suka ce ai ban fi awa biyu a barcin ba. Ni kuwa na san na yi mako guda a Kano.

Da farko ban ɗauke shi da zafi ba. Na ba maigidana labarin, ya yi dariya ya ce maganin barcin Turawa ya kai ni gida kyauta, ba biza ba kuɗin jirgi. Ni ma na yi dariyar. Sai da muka koma gida abin ya fara cina.

Lokacin sanyi ne, kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe. Shi yana fita tun da sassafe, ba ya dawowa sai yamma liƙis. Ni kuma ina cikin jinin biƙi, ba na salla, sai a lokacin na gane ashe salla ce take yanka mini rana gida-gida. Da babu ita, safiya da yamma suka zama abu ɗaya. Yaro ya yi kuka, in ba shi nono, in ɗan runtsa, in farka, hita, na'urar ɗumama ɗaki, tana ta huci a jikin bango, taga a rufe, sama fara fat kamar an shafe ta da alli. Barcina bai taɓa kai wani abin kirki ba.

Wata rana da azahar na kwanta a kujerar falo. Na tashi na shiga kicin, na ɗora ruwa, na ji sanyin tayil a tafin ƙafata, na buɗe firij na ɗauko madara. Sai na farka a kan kujera. Na ce a'uzubillahi, na miƙe na sake shiga kicin, na ɗora ruwan, har na ƙone ɗan yatsa da murfin tukunya. Sai na sake farkawa a kan kujera, yaro yana kuka, babu tukunya a kan wuta, yatsana lafiya lau.

Na zauna na kasa motsi. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a ƙirji: to wannan karon fa, da me zan gane?

Daga ranar na zama mai bincike. In mintsini kaina har fata ta yi ja. In tauna kanumfari. In sa hannu a ruwan sanyi. In karanta rubutun jikin gwangwanin madara, in kau da kai, in sake karantawa in ga ko ya canja. Har ƙirga tagogin ginin da ke fuskantarmu na riƙa yi, ni da ko canjin cefane ba na iya ƙirgawa daidai. Amma duk gwajin da na yi, sai wata murya a raina ta ce, a can ma ai kin ji zafin ruwan wanka. A can ma kin san sunan kowa, kin tuna yarintarki. A can ma an tabbatar miki cewa nan ɗin ne mafarki. Duk wata shaida da zan kawo don in nuna nan ne gaskiya, can ma yana da irinta.

Abin da ya fi damuna, wanda na kasa gaya wa kowa, shi ne ina kewar yarinyar. Hannuna ya san nauyinta. Shi kuma yaron da ke gabana ina yi masa komai, wanka, nono, canja kunzugu, amma kamar ajiyar wani aka ba ni in riƙe kafin mai shi ya dawo. In dube shi in ce a raina, idan na farka kai ma tafiya za ka yi, to me zai sa in saba da kai? Sannan in ji kunyar kaina ta rufe ni.

Da na gaji na gaya wa maigidana rabin zancen. Ya ajiye cokali ya miƙo hannu ya ce, "Taɓa ni ki ji. Ni mafarki ne?"

Na ce, "A can ma na taɓa Umma."

Ya kalle ni. Ya ce, "To ni duk wahalar da na sha yau a hanyar filin jirgi, a mafarkinki na sha ta?" Yana so in yi dariya, ni ma na so in yi, amma abin da na ji shi ne, ko a mafarki ma haka zai ce.

Ranar Lahadi ya kai ni wajen wani malami a wani masallaci a unguwar Tremont. Dattijo ne mai sanyin hali. Ya saurare ni, ya yi mini addu'a, ya ba ni azkar na safe da yamma, ya ce waswasi ne, kuma mai jego tana buƙatar hutu da mutane a kusa. Duk daidai ya faɗa. Amma da za mu tashi, don ya kwantar mini da hankali, sai ya ƙara da cewa, "Kada ki damu, 'yata, ai duniyar ma gaba ɗayanta kamar mafarki ce, sai ranar da mutum ya bar ta yake farkawa." Na san wa'azi yake nufi. Ni kuwa a halin da nake ciki, duk sauran maganarsa ta zube, wannan kaɗai na ɗauka na tafi da ita gida.

Akwai maƙwabciyarmu a hawa na huɗu, 'yar Ghana ce daga Zangon Kumasi, ta kusa sa'ar mahaifiyata, aikin kula da tsofaffi take yi. Mma nake ce mata. Tun da na haihu take hawowa da koko ko tuwo. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne, da farko har abin yana ba ni dariya. Ita ce ta lura ban taɓa sauka ƙasa ba tun da aka sallamo mu, in ban da zuwa asibiti da wajen malam. Rannan ta shigo ta ce, "Ka tashi ka sa kaya. Za mu kasuwa a Fordham, yaro ba shi da rigar sanyi mai kyau. Ɗakin nan zai cinye ka."

Muka naɗe yaro a keken tura jarirai muka fita. Fordham Road a cike take kamar kullum, masu sayar da huluna da safar hannu sun baje a bakin titi, kiɗa yana tashi daga shaguna, ƙamshin gyaɗa mai sukari yana bin iska. Ni kuwa duk ina ganinsu kamar ta bayan gilashi. Mutane suna wucewa, bakinsu yana motsi, ina jin kamar da na juya baya za su ɓace. Mma ta ce in jira ta a bakin wani shago, ƙofar ta yi wa keken ƙanƙanta, ta shiga.

Ban san yadda aka yi na gangara zuwa mararrabar da ke kusa ba. Na dai ga kaina a bakin titi, hannuna biyu a kan keken, ga wata doguwar bas tana tahowa. Sai tunanin ya zo mini a natse, ba tare da wani tashin hankali ba, kamar ana ba ni shawarar girki: idan kika saki keken nan kika taka gaba, za ki farka. Ko a kan kujerar falo, ko a ɗakin Umma da yarinyarki a cinya. Ko ta yaya dai za ki sani.

Ƙafata ɗaya ta sauka daga kan dakalin titi. Wannan ba zan ɓoye ba.

Bas ɗin ta wuce, iskarta ta kaɗa mini mayafi. Sai wani tsoro ya taso mini tun daga cikin ciki, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ja keken baya na jingina da wani ƙarfe, na ƙanƙame hannun keken har yatsuna suka ƙage. Fitila ta ba da hannu, mutane suka tsallaka, ta sake tsayar da su, ta sake ba su hannu, ina nan. A haka Mma ta same ni da leda a hannunta. Ta dube ni sau ɗaya. Ta ɓamɓare yatsuna daga keken ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe ni da hannu ɗaya, keken da ɗaya, ta tare mana mota.

A falonta ta zaunar da ni, ta ce, "Yanzu ka faɗa mini duka. Kada ka rage." Na faɗa mata, har da yarinyar, har da bas. Ta ce, "Mamanka ya sani?" Na ce a'a. Gaskiya tun da na haihu gaisuwa kawai nake yi da Umma in miƙa wa maigidana wayar, don muryarta tana mayar da ni ɗakin nan, sai in rasa inda nake. Mma ta ɗauki wayata ta ce in kira, tana zaune.

A Kano an yi isha'i a lokacin. Umma ta ɗauka tana cewa, "Mai jego, yau an tuna da mu?" Sai na fashe da kuka. Na ba ta labari tun daga robar da aka kifa mini a hanci. Na ɗauka za ta yi salati ta ce aljanu ne, ko ta yi mini faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Yarinyar, da wa ta yi kama?"

Ba wanda ya taɓa tambayata. Na ce da ita ta yi kama, har goshin. Ta ce, "Allah sarki."

Na ce, "Umma, ki gaya mini gaskiya, yanzu a farke nake?"

Ta ce, "In na ce miki e, za ki ce waccan ma haka ta ce. Ko ba haka ba?" Na ce haka ne. Ta ce, "To ni ba zan iya shiga kanki in duba ba. Amma ki gaya mini, da kina Kano a mafarkin, wa ya ji zafin ruwan wanka?" Na ce ni. "Yau a bakin titi wa ya ji tsoro?" Na ce ni. Ta ce, "To ke dai kina nan ke nan, ko can ko nan. Ba ki ɓata ba, wuri ne ya rikice miki. Kuma wancan kukan da nake ji, na waye?"

Yaron ne ya farka a hannun Mma. Na ce nasa ne.

Ta ce, "In ma mafarkin ne, yunwa yake ji a cikinsa. Ki ba shi nono a mafarkin. In kin farka ba ki yi asarar komai ba, in kuma ba mafarki ba ne kin ciyar da ɗanki. Gobe kuma ki je asibiti, ki gaya musu abin da kika gaya mini, har da motar."

Na karɓe shi na sa shi a nono, wayar tana kunnena. Ba zan ce muku a take duniya ta dawo daidai ba, gilashin nan yana nan. Amma na sami wuri ɗaya da zan tsaya. Na yi ta juya maganar a raina: zan iya shakkar falon nan, da Mma, da muryar da ke cikin waya, da New York gaba ɗayanta. Amma wadda take shakkar, wadda ƙirjinta yake bugawa tun daga Fordham, ba yadda za a yi a ce babu ita. Ko ruɗa ni ake yi, sai da ni za a ruɗa. Ƙaramin abu ne, bai fi tafin ƙafa ba, amma makonni ke nan ban sami ko kamarsa ba.

Da maigidana ya dawo Mma ta tare shi a matakala ta gaya masa. Ya shigo fuskarsa ta canja, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya ce, "Ni na ɗauka wasa-wasa ne zai wuce." Washegari bai fita aiki ba, mu uku muka tafi asibiti. Na yi zaton za su karɓe mini yaro ko su ɗaure ni. Likitar ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ba ni ce ta farko ba, yana faruwa ga wasu matan bayan haihuwa mai wuya, musamman in ga rashin barci ga kaɗaici. Ta ba ni magani, ta haɗa ni da wata da nake zuwa muna magana duk mako, ta ce kada a bar ni ni kaɗai a kwanakin nan. Har na tambaye ta ko ita tana da hujjar cewa ba mafarki take ba. Ta yi murmushi ta ce ba ta da ita, amma duk da haka tana so in dawo ranar Talata.

Mma ta koma karɓar yaron da rana in ba ta da aiki, ta kulle ni a ɗaki ta ce in yi barci ko in yi ta kallon silin, ruwana. Maigidana ya rage awannin tuƙi. Na yi arba'in na koma salla, rana ta sake samun gaɓoɓi. Ban san ranar da abin ya tafi ba. Na dai tuna wata yamma ina ta masifa don ya manta bai sayo attaruhu ba, ga miya a wuta, ga yaro a bayana yana jan ɗankwalina, sai na tsaya da ludayi a hannu na lura tun safe ban tambayi kaina ko a farke nake ba. Na fashe da dariya a tsakiyar faɗan, shi kuwa ya tsaya yana kallona, ya rasa ko ya ji daɗi ko ya kira likita.

Har yau ban sami hujjar da na nema a lokacin ba, kuma na daina nemanta. Na gane mutum ba ya rayuwa da hujja. Da barci yake rayuwa, da abinci, da mutanen da za su hawo bene su ƙwanƙwasa masa ƙofa. In waɗannan suka yi ƙaranci, tambayar da masu ilimi suke yi don nishaɗi tana iya kai mutum bakin titi. Wani lokaci in na farka daga barcin rana nakan yi ɗan jim ban san inda nake ba, zuciyata ta buga. Sai in ce, to, ko ina ne dai ga ni, in tashi in nemi abin yi.

Abu ɗaya ya canja a halina. In na je barka yanzu, ina ɗaukar jariri in yaba kamar kowa, amma ba na tafiya sai na sami lokacin da ɗaki ya yi sauƙi na zauna kusa da uwar. In ce mata, "Jariri dai mun gan shi. Ke fa, kina nan?" Yawanci dariya suke yi su ce, Anti, ina zan je? Bara na tambayi wata yarinya a Tremont, haihuwarta ta fari, ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, sannan ta kama hannuna ta riƙe gam. Na ajiye jakata na gyara zama.